Baƙon da Ya Sauka a Gidan Zakka

Karatu: Luka 19:1-10

Yariko gari ne mai arziki a zamanin Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yana cikin kwarin Kogin Urdun, kimanin mita 250 ƙasa da doron teku, yana da maɓuɓɓugan ruwa da gonakin dabino da itatuwan man ƙanshi masu tsada. Sarki Hirudus ma ya gina fadodi a can domin ya riƙa fakewa daga sanyin Urushalima. Fataken da suka ƙetaro Urdun daga gabas ta nan suke bi su hau zuwa Urushalima, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, amma hawa ce ta wajen mita 1,000. Duk inda kaya suke wucewa da yawa haka, ba a rasa mai karɓar haraji a bakin hanya.

Romawa ba su cika karɓar irin wannan haraji da hannunsu ba. Sukan ba da shi kwangila ga wanda ya yi alkawarin kawo kuɗi mafi yawa, shi kuma ya zuba yaransa a hanyoyi su tara. Abin da ya haura kuɗin gwamnati ribarsa ce, ba kuwa mai tsaya masa a kan yawan abin da zai ɗora wa mai jaki ko mai tulun mai. Wannan ya sa Yahudawa suka ƙi jinin masu wannan aiki ta fuska biyu: suna yi wa baƙin da suka mallake ƙasar aiki, suna kuma cin 'yan'uwansu da zamba. Da masu karɓar haraji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su bar aikin ba, ya dai hana su karɓar fiye da abin da aka ƙayyade (Luka 3:12-13). Amsar ta nuna inda cutar take.

Zakka ba ƙaramin ma'aikaci ba ne a wannan sana'a. Luka ya kira shi shugaban masu karɓar haraji, kuma a duk Sabon Alkawari shi kaɗai aka ba wannan laƙabi. Sunansa a Ibrananci yana nufin mai tsabta, marar laifi. Iyayensa sun raɗa masa suna na fata, ya girma ya zama mutumin da ba wanda yake so a gan shi yana shiga zaurensa.

Abin da ya kai shi kan itacen ɓaure, Luka bai ce tuba ba ne. Ya ce yana so ya ga ko wane ne Yesu, taro ya tare shi, shi kuwa gajere ne. Mai yiwuwa ya ji labarin Lawi, abokin sana'arsa na Galili, wanda ya tashi daga wurin karɓar haraji ya bi wannan Malami (Luka 5:27-28). Ko mene ne dalilin, babban mutum mai dukiya ya tattare riga ya ruga a guje a gaban jama'a ya hau itace kamar yaro. Ya shirya ya gani, bai shirya a gan shi ba.

A nan ne labarin ya juya. Yesu ya iso gindin itacen, ya ɗaga kai, ya kira shi da sunansa, ya ce ya sauko da hanzari domin a gidansa zai sauka a ranar. Ya kamata mai karatu ya dakata ya dubi yadda abubuwan suka biyo juna. Zakka bai riga ya mayar wa kowa da ko kwabo ba. Bai tsaya a gaban jama'a ya furta laifinsa ba. Ba shi ne ma ya yi gayyatar ba. Baƙon ne ya gayyaci kansa. Kuma cin abinci a gidan mutum a wancan zamani, kamar yadda yake a ƙasarmu har yau, shaida ce ta zumunci. Wanda ya sa hannu a akushinka ya ɗauki rabonsa na sunanka, mai kyau ko mummuna. Yesu ya san farashin, ya biya shi nan take, gama mutanen gari duka suka shiga gunaguni cewa ya sauka wurin mai zunubi.

Kada a yi saurin tsine wa masu gunagunin nan. A cikinsu akwai waɗanda yaran Zakka suka sauke wa kaya a bakin hanya, akwai matan da kuɗin cefanen gidansu ya ƙare a aljihunsa. Ƙorafinsu yana da tushe. A ganinsu, in annabi ya zo gari, gidan wanda aka cuta ya kamata ya nufa. Abin da ba su hango ba shi ne, kafin rana ta faɗi su ne za su fara cin amfanin wannan ziyara. Shekara da shekaru suna ƙin mutumin nan, suna kau da kai in ya wuce, ƙiyayyar ba ta dawo musu da ko anini ba. Tausayin Almasihu na yini guda shi ya buɗe taskarsa.

Wannan shi ne abin da Manzo Bulus yake nufi da ya ce alherin Allah ne yake jan mutum zuwa ga tuba (Romawa 2:4), kuma Almasihu ya mutu domin mutane tun suna cikin zunubinsu, ba bayan sun gyara ba (Romawa 5:8). Akwai mutane da yawa a garuruwanmu da suka daina zuwa sujada suna cewa sai sun shirya tukuna: sai na bar giya, sai na sallami matar nan, sai na biya bashi. Suna kama da majiyyacin da ya ce ba zai je asibiti ba sai ya warke. Akwai kuma ikkilisiyoyin da, ba da saninsu ba, suke koya wa mutane wannan tunani, domin mai laifin da ya yi ƙarfin hali ya shigo yakan tarar da idanu sun fi hannuwa yawa. Inda aka yi wa ɗan'uwa horo aka sa shi kujerar baya, sannan wata shida suka wuce ba dattijo ko ɗaya da ya taka ƙofar gidansa, to, an riƙe rabin koyarwar Almasihu an yar da rabi.

Amma labarin bai tsaya a kan cin abinci ba, kuma a nan ne yake da wuyar haɗiya. Zakka ya miƙe tsaye ya faɗi abu biyu: rabin dukiyarsa na matalauta ne, kuma duk wanda ya zambata zai mayar masa ninki huɗu. Wasu masana sun lura cewa a Helenanci maganar tana iya nufin abin da ya saba yi, wato yana kāre kansa ne daga zargin jama'a. Sai dai amsar Yesu ba ta goyi bayan wannan fahimta ba, gama ya ce a ranar nan ce ceto ya shigo gidan, ya kuma lissafta Zakka cikin ɓatattun da ya zo nema. Ba a neman wanda bai ɓata ba.

Ninki huɗun nan ba da ka ya faɗe shi ba. Bayahude ne, ya san Attaura. Bisa ga Littafin Firistoci 6:1-5 da Littafin Ƙidaya 5:5-7, wanda ya cuci maƙwabcinsa sannan ya zo da kansa ya amsa laifi, zai mayar da abin ne cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ninki huɗu hukuncin ɓarawon da ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar ne (Fitowa 22:1), shi ne kuma hukuncin da Sarki Dawuda ya yanke cikin fushi sa'ad da annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci (2 Sama'ila 12:6). Zakka yana da damar ɗaukar hukunci mai sauƙi, tun da ba kama shi aka yi ba. Ya ɗora wa kansa na ɓarawo. Ya kira abin da ya aikata da sunansa na gaskiya. In kuwa aka yi lissafi, rabi ya tafi ga matalauta, sai daga rabin da ya rage za a biya ninki huɗu. Ke nan ko da kashi ɗaya cikin takwas kawai na dukiyarsa ne ya samu ta zamba, ba abin da zai rage masa. Mutum ba ya yin irin wannan magana domin a tafa masa.

Luka ya sa wannan labari kusa da na wani mai mulki mai dukiya, wanda ya kiyaye dokoki tun yana yaro, amma da aka ce ya rabar da abin da yake da shi sai ya yi baƙin ciki ƙwarai (Luka 18:18-27). A can ne Yesu ya kwatanta shigar mai arziki Mulkin Allah da shigar raƙumi ta kafar allura, ya kuma ce abin da ya gagari mutum bai gagari Allah ba. Babi ɗaya bayan haka, sai ga raƙumin ya wuce. Mutumin kirki ya riƙe nasa ya tafi, wanda gari ya tsana ya saki nasa da murna, ba tare da an umarce shi ba. Bambancin ba halin haihuwa ba ne. Ɗaya ya zo ne yana tambayar abin da zai yi ya sami rai, ɗaya kuwa an same shi ne.

Saboda haka kuskure ne a ce Zakka ya sayi ceto da rabin dukiyarsa. Afisawa 2:8-10 ta rufe wannan ƙofa: ceto kyauta ce ta wurin bangaskiya, kyawawan ayyuka kuwa su ne abin da aka halicci mai bi dominsu bayan an cece shi. Kuskure ne kuma, wanda ya fi yawa a tsakanin masu bi na yau, a ce tun da ceto kyauta ce, abin da ya wuce ya wuce, ba sauran zancen mayarwa. Wasiƙar Titus ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake horar da mutum ya rabu da rashin tsoron Allah, ya yi zaman kamunkai da adalci (2:11-12). Jinin Almasihu yana wanke laifin mutum a gaban Allah, amma ba ya mai da gonar wani ta zama tasa.

Kunnen Bahaushe ba zai rasa jin wani abu a sunan mutumin nan ba, gama kalmar zakka ita ce ikkilisiya take amfani da ita ga ushirin da ake kawowa gidan Ubangiji. Akwai masu cika zakka kowane wata, sunansu yana cikin littafin ma'aji, amma abin da Zakka ya yi bai taɓa zuwa musu a rai ba. Ga mai sayar da hatsi da ya bubbuga gindin mudunsa ya shige ciki. Ga wanda ya kwashi adashi da fari, da zubi ya zo kansa ya daina amsa waya. Ga maigidan da ya riƙe kuɗin 'yan ƙwadagon da suka yi masa noma, alhali Yakubu 5:4 ta ce kukan irin wannan lada yana kai wa kunnen Ubangiji. Ga wanda kowace damina yake cin kunya ɗaya daga iyakar gonar maƙwabcinsa. Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna (Matiyu 5:23-24). Ba a wanke kuɗin zalunci da fitar da kashi ɗaya cikin goma.

Mafi ciwo a cikin waɗannan duka shi ne abin da yake faruwa bayan jana'iza. Mutum ya rasu, ana cikin zaman makoki, ƙannensa sun riga sun karɓi makullin shago da takardun fili, wai za su riƙa wa yara. Shekara biyar, gwauruwar ta koma gidan iyayenta ko ɗakin haya, yaran sun bar makaranta saboda kuɗin jarrabawa, baffansu kuwa yana zaune a sahun gaba ranar Lahadi, wani lokaci ma shi ne yake karanta nassi. Kowa ya sani, ba mai magana, domin an ce sha'anin iyali ne. Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye a tsakiyar ibada ta gaskiya, ta haɗa shi da tsare kai daga ƙazantar duniya a aya ɗaya. Zaman tsarki da ya tsaya a kan barin giya da taba da sa tufafin mutunci, bai kai ga takardun filin marayu ba, bai yi nisa ba.

Mayarwa tana da wuya, ba kuwa amfanin ɓoye wannan. Kunya ce ta fi kuɗin nauyi. Mutumin da 'ya'yansa suke ganinsa da girma zai zauna ya gaya musu cewa ɗakin da suke kwana a ciki ba da halaliya aka gina shi ba. Matar gida za ta ga abin da aka saba ci ya ragu. Iyalin Zakka ma sun kwana a gidan attajiri, suka wayi gari a gidan da ake fitar da kaya. Duk da haka Yesu bai ce ceto ya zo wa Zakka kaɗai ba, gidan ya ambata. Yaran da suka ga ubansu ya ɗauki kuɗi ya tafi ƙofar wanda ya cuta ya durƙusa, sun koyi abin da shekara goma na makarantar Lahadi ba za su koya musu ba.

Wanda Ruhu Mai Tsarki ya taɓa zuciyarsa a kan wannan, kada ya jira sai ya tara duka. Ya fara da zuwa ya faɗi gaskiya, ya faɗi adadin, a shirya yadda zai riƙa biya. In yana tsoron rikici, ya tafi da fasto ko dattijo ɗaya mai riƙon asiri, ba sai an yi shela a gaban taro ba. Wanda aka zo wa kuma yana da nasa nauyin: ya karɓi haƙƙinsa, kada ya mai da zuwan ɗan'uwansa abin hira a kasuwa. In mai haƙƙin ya rasu, magadansa suna nan. Attaura ma ta hango inda ba a sami dangi ko ɗaya ba, ta ce a kai abin ga Ubangiji ta hannun firist (Littafin Ƙidaya 5:8), ba ta ce ya zauna a hannun wanda ya ci ba.

Daga Yariko Yesu ya kama hawan nan zuwa Urushalima, ana gab da Idin Ƙetarewa. Ba a daɗe ba aka gicciye shi. Luka bai sāke ambaton Zakka ba, bai faɗi yawan mutanen da suka zo karɓar ninki huɗunsu ba, ko kwana nawa aka ɗauka ana biya.