Mangwaron Da Ba Ya Cikin Ciniki

Wani ɗan ƙanen mahaifina da ke zaune a Faransa ne ya jawo mini wannan tafiya. Duk shekara in watan Satumba ya kama, sai ya cika mana zauren WhatsApp na dangi da hotunan 'ya'yansa a gonar Gally da ke bayan birnin Paris, suna tura baro a tsakanin itatuwan tuffa. Can abin ya zauna da gindinsa: ka shiga da iyalinka, ku tsinka da hannunku, a bakin ƙofa a ɗora a sikeli ka biya kuɗin kilo. Babban ɗana, mai shekara 6, ya ga hotunan ya kafa mini rigima, shi ma sai ya tsinko nasa. Na ce masa tuffa dai ba ta yi a ƙasarmu ta Damagaram, amma ya jira bazara.

Da bazarar ta zo, wata Lahadi a cikin Afrilu, na kwashe shi da ƙanwarsa mai shekara 4 muka nufi Mirriya. Tafiyar ba ta wuce kilomita 20 daga Damagaram ba, kuma duk wanda ya san garin ya san garake ne abin alfaharinsa. A nan babu allo, babu sikeli a bakin ƙofa. Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijo mai garka, muka gaisa, na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya yi dariya, don bai taɓa ganin wanda zai biya kuɗi ya yi aikin da shi yake biyan yara su yi masa ba. Muka daidaita a kan jikka biyu, ya miƙo mana kwando ya ce mu cika shi. Ya nuna mana itatuwa huɗu na mangwaro ɗan aure, gajeru, rassansu har suna taɓa ƙasa, ya koma wajen injin ban ruwansa.

Kafin mu fara na tara yaran na yi musu huɗuba. Na ce abin da muka saya shi ne abin da ya shiga kwando, saboda haka kar wanda ya kai ko ɗaya baki sai mun fita. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan magana. A ganina na koya musu bambancin halal da haram a aikace, abin da ba a samu a aji.

Huɗubar ba ta yi minti goma ba. Na waiga na tarar da yarinyar zaune a gindin icce, ruwan mangwaro har gwiwar hannu, ƙwallo biyu a gefenta. Na yi mata tsawa har ta yi kuka. Yayanta kuwa bai ci ko ɗaya ba, ya riƙe umarnina gam, sai dai shi tsinka yake yi ba ji ba gani. Duk abin da hannunsa ya kai sai ya fizgo, in ya ga kore ne mai tauri ya yar ya nemi wani. Da ya rataya a wani reshe don ya kai na sama, reshen ya ɓalle da 'ya'ya biyar a jikinsa. Na ƙirga ɗanyun da ke ƙasa, 14. Sai na duba wajen injin, na ga dattijon ya ba mu baya, na sa ƙafa na tura su ƙarƙashin busassun ganye, na ja reshen na jingina a bayan icce. Yaron yana kallona. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Ana cikin haka sai dutse ya faɗo ta cikin ganye. Wani yaro ne daga bayan darni, bai fi ɗana da shekara biyu ba, da ƙwarya a hannu, yana jifan iccen da ke kusa da hanya. Ɗana ya buɗe murya ya ce, “Ɓarawo! Baba ga ɓarawo!” Dattijon ya taso ba gaggawa, ya kira yaron, ya ja masa kunne da baki a kan jifa, sannan ya tsinto masa guda uku daga waɗanda suka faɗo da kansu ya zuba masa a ƙwarya. Da alama ba ranar suka fara haɗuwa ba.

Tun daga ranar nake juya abin nan a raina. Yara uku ne a jikin itatuwan mutum ɗaya. Ɗaya ta ci biyu, ɗaya ya ɓata 14 ya karya reshe, ɗaya ya yi jifa sau ɗaya bai ma samu ba. Wanda bai samu komai ba shi aka kira ɓarawo, kuma wanda ya fi kowa ɓarna shi ya kira shi. Me ya ba ɗana wannan ƙarfin hali? Jikka biyun da ya ga na ƙirga. A lissafinsa, wanda kuma a wurina ya koya, mu muna ciki ne domin mun biya, duk abin da muka yi a ciki wasa ne, wancan kuwa yana waje.

Ba na son a fahimce ni a karkace. Jifan mangwaron mutane laifi ne, kuma darni ba zalunci ba ne. Wanda bai taɓa rainon icce ba shi ke ganin 'ya'yan itace kamar daga sama suke zubowa. Mangwaro ɗan aure sai ya yi shekara uku ko huɗu ana ba shi ruwa kafin ya fara ba da wani abu, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa ya fi haka daɗewa. Yana fure a cikin hunturu, furen ya cika icce, amma kaɗan ne ƙwarai ke zama 'ya'ya, a cikinsu ma iska da zafi su zubar da wasu. A ƙasa irin tamu da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sauran shekarar duk da ruwan rijiya da kuɗin mai ake riƙe garka. Mai garka na da haƙƙi a kan kowane ɗa guda. A shirin da nake gabatarwa na kiran waya, masu garake sun sha kira suna kukan yaran da ke yi musu ɓarna, kuma na sha tsaya musu, har da kalmomi masu zafi a kan iyayen da ba sa tsawata wa 'ya'yansu. Ban janye wannan ba. Sai dai ban taɓa sa kaina a cikin iyayen ba.

Abin da ya ba ni mamaki da na koma kan karatun da muka yi a zaure shi ne, addini ya daɗe da duba wannan yaro na bayan darni, kuma bai dube shi da idon da ɗana ya dube shi ba. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah sun kawo labarin Rafi'u ɗan Amru, wanda yana yaro yake jifan dabinon mutanen Madina. Aka kama shi aka kai shi wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da farko tambayarsa aka yi abin da ya sa yake jifa. Da ya ce don ya ci ne, sai aka hana shi jifa, aka ba shi izinin cin abin da ya faɗo, aka yi masa addu'ar ƙoshi. Dattijon Mirriya abin da ya yi ke nan, ko ya san hadisin ko bai sani ba. Malamai sun yi saɓani a kan mai wucewa ta gonar wani: mafi yawansu ba su yarda ya ci ba sai da izini ko lalura, Imamu Ahmad ya sassauta in gonar ba ta da katanga ko mai gadi, da sharaɗin a ci a wurin kar a ƙunsa a tafi da shi. Ko'ina ka duba a cikin maganar, abin da ake aunawa shi ne yunwar mai ci, da yardar mai gona, da cutar da aka yi wa icce. A Suratul Ƙalam kuma waɗanda aka hukunta masu gonar ne da kansu, da suka yi sammako suna raɗa don su girbe kafin miskini ya shigo musu.

To ni a wane layi nake? Yunwa ba ta kai ni garka ba, nishaɗi ne. Izini ina da shi, amma na cika kwando ne, ba na karya reshe ba. Kuskurena shi ne na ɗauki izini kamar haja: tunda na saya, ya zama nawa, in yi yadda na so. Alhali ko kuɗin da na bayar ba su sa na daina zama baƙo a garkar ba. Shi ya sa na tsananta a kan mangwaro biyu da suka shiga cikin yarinya, domin su ne suka saɓa wa cinikin, na kau da kai daga 14 da ba su amfani kowa ba, domin ba su da layi a cikin cinikin. Na tsare lissafi na saki amana. Ɗanyen mangwaron da bai ƙosa ba ko an ajiye shi ba ya nuna, yanƙwanewa yake yi. Reshen kuwa a bakinsa ake sa ran furen baɗi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai, wato ƙafar nan da na sa na tura ganye. Mun saba cewa yaro ba ya jin magana. Yana ji, amma ya fi gani. Na yi masa huɗubar minti biyu a kan haram, sannan na nuna masa a cikin daƙiƙa biyar cewa abin da mai shi bai gani ba bai faru ba. In aka tambaye ni wanne zai riƙe har ya girma, ba sai na yi dogon tunani ba.

Da kwando ya cika muka kira dattijon. Don in wanke kaina, na yi saurin cewa, “Baba, yarinyar nan ta sha guda biyu, a ƙara a lissafi.” Ya dube ta ya ce, “Amaryata ce ta sha, kai kuma ina ruwanka? Abin da yaro ya ci a gindin icce ba a ƙirga shi, Malam.” Sannan ya taka, ba tare da ya nemi hanya ba, har inda na tara ganyen, ya sunkuya ya yaye. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a gaban rigarsa. “Waɗannan fa an manta da su,” in ji shi. Bai dube ni ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ɗauko reshen ya nuna wa ɗana inda ya tsage, ya kama hannunsa ya kai shi jikin wani mangwaro, ya koya masa yadda ake gane wanda ya ƙosa: kafaɗunsa sun cika sun taso kusa da hanci, fatar ta fara haske, kuma in ka ɗaga shi ka murɗa kaɗan zai biyo ka, ba sai ka yi kokawa da shi ba. Ya ce ya kiyayi ruwan da ke fita daga hancin, yana ƙona fata.

Na zaro dala ɗari na miƙa masa saboda ɓarnar. Ina tsammanin zai ƙi, kamar yadda ya ƙi na biyun. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya juye mini ɗanyun a kan kwandon ya ce in kai wa uwarsu, ana sha da gishiri da yaji.

A hanyar dawowa yarinyar ta yi barci. Yaron ya daɗe shiru, sai da muka hango duwatsun Birni ya ce, “Baba, wancan yaron in ya kawo jikka biyu shi ma zai shiga?” Na ce zai shiga. Ya ce, “To mu da muka ɓoye fa?” Na ce ni na ɓoye, ba shi ba, kuma ban kyauta ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda dama ya sani yana jira ne in faɗa.

Ɗanyun sun kwana huɗu a tasa. Uwarsu ta yanka shida, sauran suka yanƙwane aka ba awaki. Dattijon ya ce mu dawo lokacin gwaba, kuma yaron bai manta ba, kusan kowane mako sai ya tambaye ni ko ta nuna.