Wa Ya Fi Cancantar Kuɗin Baitulmali?

A cikin Muwaɗɗa da Bukhari akwai labarin da nake yawan komawa kansa duk sanda aka tayar da zancen tallafin noma. Sayyidina Umar ya keɓe wata makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya ɗora 'yantaccen bawansa Hunayyu a kanta. Ya umarce shi da ya buɗe wa mai ɗan garken raƙuma da mai 'yan tumaki, amma ya yi kaffa-kaffa da dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Hujjarsa ita ce, in nasu suka hallaka, suna da gonaki da dabino da za su koma wa. Shi kuwa talaka zai taso 'ya'yansa ne a gaba ya zo ƙofar halifa yana kuka. Ku lura, mutanen nan biyu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma ba wanda ya ce dukiyarsu haram ce. Wadatarsu kaɗai ta sa aka ce su ja baya.

Amurka ta ɗauki wata hanyar. A 1933, da farashi ya faɗi warwas, gwamnatin Roosevelt ta fara biyan manoma don su rage noma. An kifar da kusan eka miliyan 10 na audugar da ta riga ta tsiro. Har an ruwaito cewa alfadaran da aka hora su bi tsakanin kunya sun yi ta turjewa, sun ƙi taka shuka. Cakin kuwa hannun mai ƙasa ya shiga. Masu noman kashi-mu-raba a Kudu, da yawansu baƙar fata, sai aka sallame su, tun da gonar ta ragu. Daga nan zaren ya kama: awon tallafi ya koma faɗin gona da yawan amfani, mai eka dubu ya kwashi rabon eka dubu.

Na san abin da masu kare tsarin ke faɗa, kuma ba na raina shi. Babbar gona ita ke ciyar da birni, fari ɗaya zai iya durƙusar da ita, ƙasa kuma ba ta wasa da rumbunta. Annabi Yusuf ma ai hukuma ce ta tara hatsin da ya ceci Masar. Amma shi hatsi ya ajiye wa mai jin yunwa, bai lamunce wa attajiri ribarsa ba. Zakkar amfanin gona ma tana ƙaruwa ne da yawan abin da ka girbe: kashi 10 cikin 100 na noman damina, 5 na ban-ruwan da aka sha wahalarsa. Wanda bai kai nisabi ba, an ɗauke masa. A ganina, duk tsarin da ya juya wannan ma'auni, ya ce wanda ya fi tarawa shi zai fi karɓa, ya ci amanar asusun jama'a, ko da majalisa ta sa masa hannu.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a gida ba. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa a kakar 2001 zuwa 2002, manoman auduga 25,000 na Amurka sun karɓi dala biliyan 3.9. Audugar ta malala kasuwar duniya, farashi ya karye, manomin kudancin Chadi da ya tsinci tasa da yatsu, ƙullutu bayan ƙullutu, ya tarar da ragin a bakin sikeli. A 2003 Chadi da Mali da Benin da Burkina Faso suka kai kuka Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Brazil ma ta shigar da ƙara, ta yi nasara, kuma tana da ƙarfin ramawa. Maimakon Amurka ta janye tallafin nan take, a 2010 sai ta amince ta riƙa biyan Brazil dala miliyan 147 duk shekara, a 2014 ta rufe maganar da miliyan 300. Ƙasashen nan huɗu ba su da abin da za su yi barazana da shi, don haka ba a sa su a wannan rabon ba.