Dabaibayin Ganin Dama

A Amurka da Turai da Sin da Filifin akwai wata sha'awa da ta yaɗu a 'yan shekarun nan, wadda idan aka ba Bahaushe labarinta sai ya nemi a maimaita masa. Mutum baligi, mai cikakken hankali, yakan biya kuɗi a koya masa iyo da ƙafafuwansa biyu a ɗaure cikin riga mai siffar bindin kifi, domin ya yi kama da 'yar ruwa. Akasarinsu mata ne, amma akwai maza. Da farko akan zura ƙafa biyu cikin wani faffaɗan takalmin roba guda ɗaya, sannan a ja rigar daga idon sawu har ƙugu. Ta yadi ba ta da tsada. Wadda ake yi da roba mai laushi da ake kira silikon, ana zana mata ɓawon kifi ɗaya bayan ɗaya, kuɗinta kan kai dubban daloli, nauyinta kuma kan haura kilo 10. Wanda ya sa ta ba ya iya taku ko ɗaya a tudu, sai dai a ɗauke shi ko ya ja jiki zuwa bakin ruwa. Da ya shiga kuwa, motsi kan taso daga ƙirji ya ratsa ƙugu ya ƙare a bindi, kamar yadda kifin dolfin ke yi. Abin ya bunƙasa har ƙungiyar PADI, wadda ta shahara da horar da masu nutso, ta buɗe masa darussa da takardun shaida. A 2021, a garin Sanya na ƙasar Sin, mutum 110 suka yi wasan tare a ƙarƙashin ruwa.

Tambayar da nake son bi ita ce: me ya halatta wa mai hankali ya yi wa kansa dabaibayi, kuma a ina halaccin yake ƙarewa?

Suka ta farko da ke zuwa baki ita ce abin ƙarya ne. Ba zan daɗe a kanta ba. Ƙarya tana buƙatar wanda za a ruɗa, alhali a nan mai bindin da mai kallo duk sun san riga ce, kamar yadda ɗan kama ba ya yaudarar kowa idan ya kwaikwayi malami ko basarake. Gaskiya ne kunnenmu ba ya jin kalmar 'yar ruwa da sauƙi. A wurinmu suna ne na abin da ake tsoro a bakin kogi, wanda ake ɗora wa alhakin yaron da ya shiga ruwa bai fito ba, kuma a gaɓar tekun Afirka ta Yamma har yanzu akwai masu bauta wa Mami Wata. Sai dai wadda 'yan matan Florida ke kwaikwayo ba daga nan ta fito ba. Asalinta tatsuniyar da Hans Christian Andersen na ƙasar Denmak ya wallafa a 1837, wadda kamfanin Disney ya mayar fim a 1989. A tatsuniyar, 'yar ruwa ce ta bayar da muryarta don ta sami ƙafafu, kuma kowane taku sai ta ji kamar a kan kaifin wuƙa. Yau ga masu ƙafafu suna biya don a raba su da su na sa'a guda. Wannan juyin ya fi ba ni mamaki a kan komai.

Amma da na duba wasanninmu sai mamakin ya ragu. Me ɗan langa yake yi in ba dabaibayi ba? Yana da ƙafa biyu lafiyayyu, ya kama ɗaya da hannu, ya ce da ɗayar zai yi tsere da ture. Da isa wuri ne buri, da sakin ƙafar ya fi sauri. Masanin falsafa Bernard Suits, a littafinsa na 1978, ya kafa hujjar cewa ainihin wasa shi ne mutum ya ɗora wa kansa cikas da ba dole ba, don daɗin tsallake shi. Ina tare da shi. Mai bindi ta rasa tafiya, amma ta sami wata irin ratsawa cikin ruwa da mai ƙafa biyu a ware ba zai taɓa ɗanɗanawa ba, ta koyi riƙe numfashi, ta koyi natsuwa a inda firgici ke kashe mutum. Wanda zai ce kuɗin bindin ya fi dacewa da marayu, hujjarsa tana da ƙarfi, sai dai ba ta tsaya kan bindi kaɗai ba, ta hau kan dokin sallah da babbar riga mai aska tara. Ban ga dalilin da zai sa a keɓe 'yar ruwa da hukuncin da ba a yi wa mahayi ba.

Inda na rabu da masu kare wannan sha'awa ba tare da sharaɗi ba shi ne a kan kwancewa. Ɗan langa in ya ji zai faɗi sai ya saki ƙafa, abin da ya rasa wasa ne kawai. Bindi ba ya sakin kansa. Dabaibayi yana zama wasa ne muddin wanda aka ɗaure yana da iko da sanin yadda zai kwance, a lokacin da ya so. Da wannan iko ya kuɓuce, sunan abin ya canza, ko da launin rigar bai canza ba.

Wuri na farko da yake kuɓucewa shi ne a hannun yara. Ana sayar da waɗannan riguna a matsayin kayan wasa, kuma yarinya 'yar shekara shida ba ta zaɓi haɗari ba, kyan bindi ta zaɓa. Wata ƙungiyar ceton rai a ruwa da ke yammacin Ostireliya ta gwada yara da bindi da kuma babu shi, ta tarar yana rage musu ƙarfin iyo da fiye da rabi. Wuraren ninkaya da dama a ƙasashe daban-daban sun hana shiga da shi saboda haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Malamin kirki a wannan fanni ba ya barin ɗaliba ta sa bindi sai ta iya iyo da shawagi ba tare da shi ba, kuma yana koya mata yadda za ta zare shi a tsakiyar ruwa tun kafin ya koya mata juyi. Uban da ya sayo bindi ya miƙa wa 'yarsa, ya koma gefe yana ɗaukar hoto da waya, shi ya zaɓi dabaibayin, ita ce za ta sha ruwan.

Wuri na biyu ya fi wuyar gani, domin manya ya shafa. A 1947 wani tsohon sojan ruwan Amurka mai suna Newton Perry ya buɗe gidan kallo a maɓuɓɓugar Weeki Wachee a jihar Florida. Ya haƙa ɗaki mai kujeru 18 ƙasa da fuskar ruwa, ya sa gilashi, ya koya wa 'yan mata shaƙar iska daga tiyo maimakon goya tukunyar iska a baya. Suna rawa a ƙarƙashin ruwa, suna cin ayaba, suna shan lemo, masu kallo na tafi. Wurin yana nan har yau, kuma tun 2008 yana hannun gwamnatin jihar. Ruwansa ba ya gusawa daga kusan digiri 23 rani da damina, sanyin da ke ratsa ƙashin wanda ya daɗe a ciki, ga igiyar ruwa mai ƙarfi da ke tasowa daga ƙasa. 'Yar ruwa ba ta sa tabarau, domin zai ɓata siffa, don haka da ido buɗe take aiki ba ta gani sosai. Waɗanda ke yi a tankunan otal da gidajen kifi kuwa, ga gishiri ko sinadarin kulorin a ido, ga ciwon kunne da na hanci. A kan duk wannan dole ta yi murmushi, kuma gwanintarta ita ce kada a ga wahalar.

A nan ne ma'aunin nawa ya fi matsa mini. Mai yi don sha'awa tana fita sa'ad da ta gaji. Mai yi don albashi takan fita sa'ad da kiɗa ya ƙare. Ba na cewa an zalunce ta. Da yawa daga tsofaffin 'yan ruwan Weeki Wachee sukan koma su yi wasa bayan sun yi jikoki, ba wanda ya tilasta su, kuma masunci ma yana shan sanyi don abincinsa. Bambancin shi ne sanyin masunci a fili yake, mai sayen kifi yana ganin jiƙaƙƙen wando da tsagaggen tafin hannu. Ita kuwa hajarta ita ce ɓoye wahala. Idan ƙafarta ta riƙe ko tiyo ya kuɓuce mata, fuskar da za ta nuna wa gilashi ita ce dai wadda aka biya don a gani, kuma mutanen da ke zaune taku uku daga gare ta su ne na ƙarshe da za su gane. Saboda haka ikon kwancewar da ta jingina na rabin sa'a ya koma wuyan mai wurin: ya ajiye mai nutson ceto a kusa, a yi yarjejeniya kan alamar hannu da ke nufin a tsayar da wasa, kuma ranar da ta yi alamar ta fito a tsakiyar kiɗa, kada a zaftare mata ko kwabo.