Da Wane Mudu Za A Auna Malami?

Tambayarmu ta yau ita ce: shin adalci ne a ɗaura albashin malami a kan yawan yaransa da suka ci jarrabawa?

Dabarar nan tsohuwa ce. Cikin 1862 Gwamnatin Ingila ta yi doka, bisa shawarar Robert Lowe, cewa kowace shekara sufeto zai zaga makarantu ya jarraba yara a karatu da rubutu da lissafi. Yaron da ya ci duka uku, a ba makarantarsu sule 8. Ko wanne ya faɗi, a zabge sule 2 da kwabo 8. Daga kuɗin nan kuwa ake biyan malamai. To, sai malamai suka koma ɗura wa yara haddar abin da sufeto zai tambaya, fahimta kuwa ko oho. Turawa sun kawo tsarin nan Gwalkwas, watau Ghana ta yau, amma suka soke shi cikin 1909. Kwaɗayin ladan jarrabawa bai mutu ba: cikin 2015, a Atlanta ta Amurka, kotu ta kama malamai da shugabanninsu 11 da laifi kan gyara amsoshin yara.

Ba mu ce a bar malami ba awo ba. Rago da mai himma su ci akushi guda, wannan ma zalunci ne. Amma manomin fadama da manomin tsandauri, wa zai gwada ƙwazonsu da yawan dami kaɗai? Malamin da ya karɓi ɗan talaka mai zuwa aji da yunwa, in aka rage masa albashi don yaron ya faɗi, an koya masa ke nan ya guji irin waɗannan yara. Su kuwa su ne 'ya'yanmu.

Mu dubi makarantar allo. Kuɗin Laraba ba a ƙidaya surori kafin a biya shi. Ran sauka kuma uba ya ƙara wa malam alheri. Haka ya kamata: albashi tsayayye wanda zai riƙe gida, sa'an nan tukuici ga wanda ya yi fice. Mai awo kuwa ya shiga aji ya zauna, ya ga inda yaro ya faro da inda aka kai shi.

Allah ya ba malamanmu ladan wahalarsu, amin.