Neman Diyyar Cutarwar Magani Ya Saɓa Wa Imani Da Ƙaddara?

Wani dattijo ya tambaye ni a Sabon Birni bayan sallar La'asar: idan mutum ya sha magani don neman lafiya, sai ɓarin jikinsa ya shanye, daga baya aka janye maganin daga kasuwa, ko halal ne ya nemi diyya, ko kuwa yin haka jayayya ce da hukuncin Allah?

Tambayar tana da tushe. A shekarar 1999 kamfanin Merck na Amurka ya fito da maganin ciwon gaɓoɓi mai suna Vioxx. A watan Satumba na 2004 ya janye shi, bayan bincike ya nuna cewa shan sa na tsawon lokaci yana ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Dubban mutane suka kai ƙara, kuma a 2007 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 4.85 don sasantawa, ba tare da amsa laifi ba. A nan gida ma, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Haƙiƙa babu abin da ke samun bawa sai da ƙaddarar Allah. Sai dai ƙaddara ba ta ɗauke alhaki daga wuyan mai sakaci. Kisan kuskure ma ƙaddara ne, duk da haka Allah ya wajabta diyya a kansa a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i. Malaman fiƙihu sun rarrabe: ƙwararren likita da ya yi aiki bisa ƙa'ida ba shi da lamuni, amma jahili ko mai sakaci zai biya. Wanda kuwa ya san aibin hajarsa ya ɓoye, ya yi algus, balle hajar da ake haɗiyewa.

To amma shari'a tana da sharaɗi: hujja tana kan mai da'awa. Hawan jini shi ne babban sanadin shanyewar ɓarin jiki, don haka haramun ne a ɗora wa magani laifin da ba a tabbatar ba saboda kwaɗayin kuɗi. Wanda abin ya shafa ya adana kwalin maganin da takardar likita, ya nemi shaidar asibiti, ya sanar da hukumar NAFDAC, sannan ya nemi shawarar lauya. Nan ne mu mutanen Sabon Birni da Isa muke da rauni, domin da yawanmu a faifan 'yan talla muke sayen ƙwaya ranar kasuwa, babu kwali, babu takarda. Wa za a kai ƙara?

Yafiya alheri ce, mai haƙƙi yana iya yafe nasa. Amma haƙƙin marayun da aka bari amana ce a hannun waliyyinsu, kuma yin shiru yana barin maƙwabci ya faɗa ramin da ka faɗa. Na ce wa dattijon nan ya yi haƙuri da abin da Allah ya hukunta, ya kuma nemi haƙƙinsa da gaskiya, duka biyun addini ne.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.