Alhakin Soja a Wuyan Wanda Ya Zauna a Gida

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wata mace ta tsaya a ƙofar majami'a tana jirana, da goyo a bayanta. Mijinta kofur ne, wata 14 ke nan da aka kai shi Borno. Da muka gaisa sai ta ce, "Baba Fasto, wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata ta ce mini ba ta san yadda za ta yi wa maigidana addu'a ba, gama aikinsa na zub da jini ne. Shin har yanzu shi mai bi ne, ko kuwa ya bar hanya?" Na amsa mata a gurguje, amma tambayar ta bi ni har gida. Ina so mu duba ta tare.

Tambayar tsohuwa ce

Tun zamanin iyayenmu na farko a nan Afirka aka yi wannan gardama. Tertuliyan na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya koyar cewa bai kamata mai bi ya ɗauki takobi ba. A shekara ta 295 aka sare kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan a Tebessa, cikin Aljeriya ta yau, domin ya ƙi shiga soja saboda bangaskiyarsa. Bayan fiye da shekara 100, Agustin, bishop na Hippo, ya rubuta wa wani babban hafsa mai suna Bonifas wasiƙa. Ya nuna masa mutum yana iya gamshi Allah cikin aikin soja, muddin salama yake nema da yaƙin.

Har yau ra'ayin nan biyu suna tare da mu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya soma a Garkida a 1923, ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami. Ita ce kuwa ta sha wuya ƙwarai a hannun Boko Haram: yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na shekarar nan kuma aka mamaye hedkwatarta a Kwarhi kusa da Mubi. Kada kowa ya ce tsoro ne ya sa su riƙe wannan koyarwa. Sun tuna Ubangiji ya umarci Bitrus ya mai da takobinsa kube, sun kuma biya tamanin biyayyarsu.

Abin da Littafi ya nuna

Duk da haka, ga abin da na gani cikin Littafi Mai Tsarki. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi (Luka 3), bai sa su tuɓe kaki ba. Abu uku ya ɗora musu: su bar ƙwace, su bar ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Jarumin Kafarnahum wanda Yesu ya yabi bangaskiyarsa (Matta 8) soja ne. Karniliyus na Kaisariya, wanda ta gidansa aka buɗe wa Al'ummai ƙofar bishara (Ayyukan Manzanni 10), shi ma jarumi ne, ba mu kuwa ji Bitrus ya ce sai ya ajiye aikinsa kafin a yi masa baftisma ba.

Saboda haka na gaya wa matar nan mijinta ɗan'uwanmu ne. Amma fa maganar Yohanna tana nan da kaifinta. Ɗan'uwa soja, naira ɗari biyun da aka karɓe daga hannun direba a shingen hanya ƙwace ne. Marin da aka yi wa tsoho don ya yi jinkirin sauka daga babur zalunci ne. In kuma aka umarce ka ka harbi wanda ba shi da makami, ko wanda ya riga ya miƙa wuya, ka tuna akwai Sarki bisa kwamandanka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Domin namu ne kai shi ya sa muke faɗa maka.

Wanda ya zauna a gida

Yanzu bari mu juyo kanmu. Muna da saurin tambaya ko soja yana zunubi, ba safai muke tambaya ko mu muna yi masa zunubi ba. Mai karatu, ka buɗe 2 Sama'ila sura 11. Yowab da rundunar Isra'ila suna kewaye da Rabba ta Ammonawa, Dauda kuwa ya zauna a Urushalima. Uriya Bahitte yana bakin dāga, sarkin da yake yi wa yaƙi ya ɗauki matarsa. Da aka kira Uriya gida, ya ƙi kwana a ɗakinsa domin abokansa suna kwance a fili. A ƙarshe shi ya kai takardar mutuwarsa da hannunsa. Cikin labarin nan sojan ne mai aminci, mai laifi kuwa shi ne wanda ya zauna a gida. Wurinsa Allah ya aiki annabi Natan.

Wani zai ce, "Ni ban taɓa matar kowa ba." Madalla. Amma Dauda ya fara ne da mantawa cewa barcin da yake yi a kan bene wani ne yake tsare masa shi. Wannan mantuwa kam muna da ita. Ni kaina, da na lissafta, sai na ga cikin wata 14 ɗin nan ban taka ƙofar matar nan ba ko sau ɗaya, dattawanmu ma haka. Kunya ta kama ni.

Bashin kuwa ya daɗe. Tsakanin 1943 da 1945 runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a dazuzzukan Burma, kakanninmu da yawa suna ciki. Sunayen barikin Arakan da Myohaung a Legas daga can suka fito. Aka je Kongo a 1960, aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, aka je Laberiya a 1990. Tun 2009 kuma ga Arewa maso Gabas. Kowace tafiya ta bar gwauraye da marayu a cikin ekklesiyoyinmu. Ran 15 ga Janairu kowace shekara ana tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a busa bigila. Washegari gwauruwar tana nan ita kaɗai da kuɗin makaranta.

Me za mu yi?

Na ɗaya, kowace ekklesiya ta rubuta sunayen 'ya'yanta da suke bakin dāga, a ambace su ɗaya ɗaya cikin addu'ar Lahadi, a roƙa musu tsaro da hannu mai tsabta.

Na biyu, zumunta a ƙafa take. Zumuntar Mata ta sa mata biyu su riƙa ziyartar matar soja kowane mako. Dattawa su san ko yaran suna makaranta, ko akwai hatsi a gida. In maƙwabciyarta matar soja Musulmi ce, a leƙa ta ita ma, gama rami ɗaya mazansu suke kwana.

Na uku, in soja ya mutu, kada aikinmu ya ƙare a bakin kabari. Ɗakin bariki na gwamnati ne, wata rana za a karɓe shi. Wani mai ilimi daga cikinmu ya raka gwauruwar da takardun magaji har hakkin mijinta ya fito. Dattawa kuma su tsaya kada dangin miji su kwashe abin marayu.

Na huɗu, akwai wanda yake dawowa ba tabo a jiki, amma zuciyarsa da rauni. Ba ya barci, ƙarar fashewar taya tana sa shi ya faɗi ƙasa, yana fushi da iyali ba dalili, har ya faɗa wa giya ko ƙwaya. Kada mu yi saurin cewa aljani ne, ko rashin bangaskiya. Ciwo ne da likitoci suka sani, ana kuwa maganinsa a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Maiduguri. Mu yi addu'a tare da shi, mu saurare shi, mu kuma raka shi asibiti.

Ko kana cikin masu cewa mai bi yana iya ɗaukar bindiga, ko cikin masu cewa a'a, ayyukan nan huɗu ba su saɓa wa lamirinka ba. Ran Talata da ta biyo baya, ni da matata muka tafi gidan kofur ɗin nan da kwano biyu na masara. Da ƙaramin ɗansa ya gan ni, sai ya tambaye ni ko na zo da labarin babansa. Ban zo da shi ba. Amma muka durƙusa tare muka ambaci sunan uban a gaban Ubangiji. Wa yake jiran sawunka a ekklesiyarku? Allah ya ba mu alherin tashi tun yau. Amin.