Abotar Silima da Abotar Kogon Sauru

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, da yawanmu mun kalli Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, mun kuma ga manyan maza suna share hawaye. Jai da Biru ɓarayi ne, aminan juna. Da ƴan fashin Gabbar suka rutsa su, Jai ya jefa kwabo don a san wanda zai tsaya. Shi ya tsaya, aka kashe shi. Sai daga baya Biru ya gane kwabon nan gaba da baya duk iri ɗaya ne.

Ba mu musun cewa wannan sadaukarwa ce. Amma me ya haɗa su tun farko? Sata da gidan kaso. Yaro na kallo, sai ya ɗauka mara wa aboki baya cikin ɓarna shi ne riƙon amana, alhali Annabi (SAW) ya koya mana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a hana shi zaluncin.

Kwanan baya mun tambayi ɗaliban makarantar dare kwana nawa Sayyidina Abubakar ya yi tare da Manzon Allah cikin kogon Sauru, shekarar hijira, 622. Mutum biyu kaɗai suka ce uku. Sunan Gabbar kuwa, kowa ya san shi.